Faratan 'yar ƙanwata sun sa likita ta ce a ƙirga mata kromosom, wa ya san wannan?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aikin asibiti da ke cikinmu ku taimaka mini. 'Yar ƙanwata ce, shekararta shida. Ranar da aka haife ta bayan ƙafafunta da bayan hannuwanta a kumbure suke luhu-luhu, amma ko an danna ba ta kuka. Tsofaffi suka ce sanyi ne uwar ta kwasa da ciki. Kafin a yaye ta kumburin ya sace, kowa ya manta da zancen. Abin da bai tafi ba shi ne faratanta. Ƙanana ne sirara, sun nutse cikin nama, na yatsun ƙafa kuma bakinsu ya ɗaga sama, yanke su sai an yi dabara. Makon jiya aka kai ta asibiti saboda kunnenta da ke yawan ruwa. Likitar ta riƙe hannunta ta daɗe tana kallon faratan, ta ɗaga gashin ƙeyarta, ta auna tsayinta, sannan ta ce a yi gwajin jini na ƙirga kromosom, wai tana zargin wani abu mai suna Turner. Tun ranar uwar ba ta runtsa ba. Mijin kuma ya ce daga kunne an koma farce, neman kuɗi ne kawai. Ni dai tambayata, yaya farce zai nuna abin da ke cikin halittar mutum?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni ma dai abin ya ɗaure mini kai. Farcen da muke yankewa duk Juma'a mu zubar?

Baban Walid: Gaskiya ina tare da mijin. Gidanmu kaf faratan ƙafarmu ƙanana ne, na ɗan ƙaramin yatsa ma da kyar ake ganinsa, kuma lafiyarmu lau. In aka ce za a bi farce, rabin yaran unguwa sai an ɗebi jininsu. A bar yarinya ta girma.

Anti Nas: Baban Walid, ka sake karanta abin da ta rubuta. Likitar ba a kan farce ta tsaya ba. Ta duba ƙeya, ta auna tsayi, kuma na tabbata ta tambayi yadda aka haife ta. Maman Hanifa, yaya tsayinta in an haɗa ta da sa'o'inta?

Maman Hanifa: Anti, ƙanenta mai shekara huɗu ya kusa kamo ta. A ajinsu ita ce a gaba in an jera layi. Amma wayo kam, ta fi su duka surutu da haddar karatu.

Likitar Yara: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin marasa lafiya na ga an kira ni. Maman Hanifa, ba zan ce miki ga abin da yarinyar ke da shi ba, don ban gan ta ba, kuma ko na gan ta ido ba ya yanke wannan hukunci. Amma abin da abokiyar aikina ta yi daidai ne, kuma zan faɗa miki dalilin da ya sa ta tsaya a kan faratan.

Kusan kowane irin ƙwayar halitta a jikinmu yana ɗauke da kromosom 46, wato zaruruwan da ke riƙe da bayanan halittar mutum, an jera su bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyun ƙarshe su ke da alaƙa da jinsi. Namiji yana da X da Y, mace tana da X biyu. A ciwon Turner, X ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, ko wani yanki nasa ya ɓace. Wasu yaran a duk ƙwayoyin jikinsu haka abin yake, wasu kuma gauraye ne, wasu ƙwayoyin cikakku wasu da giɓi, shi ya sa alamun wata suke fitowa fili, na wata kuma sai an ƙura ido. Yana samun kamar yarinya ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500 da aka haifa.

To ina farce ya shigo? Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu sirarran magudanai a jiki da ke kwashe ruwan da ya taru a cikin nama su mayar da shi cikin jini. A yaran nan magudanan ba sa gama haɗuwa da wuri tun suna ciki, sai ruwa ya taru a wuya da hannuwa da ƙafafu. Wannan shi ne kumburin da kuka gani ranar haihuwa. Farce kuwa a daidai wannan lokacin yake tsirowa, a kan yatsan da ya cika da ruwa, sai ya fito ƙarami, siriri, a nutse, wani ya lanƙwasa sosai kamar bayan kwale-kwale, wani bakinsa ya ɗaga sama. Ruwan wuya in ya janye sai ya bar fata mai faɗi daga bayan kunne zuwa kafaɗa, gashin ƙeya kuma ya sauko ƙasa. Kumburi yana tafiya, uwa ta manta, amma farcen yana nan. Shi ya sa in yarinya gajera ta shigo mini, ko da tari aka kawo ta, sai na kama hannunta na ce a cire mata takalmi.

Baban Walid: Dakta, da girmamawa, to nawa faratan fa? Kin ga inda matsalar take. Yanzu duk wadda ta karanta wannan za ta je ta kama ƙafar 'yarta hankalinta ya tashi.

Likitar Yara: Malam, tsoron da kake ji ba na raina shi. Ƙaramin farce shi kaɗai ba komai ba ne, musamman in haka na iyaye da kakanni yake. Jarirai da yawa ma faratan ƙafarsu sirara ne masu ɗaga baki, in suka fara tafiya sai su daidaita. Abin da ke sa mu tsaya shi ne haɗuwar abubuwa: mace ce, an haife ta da kumburin bayan ƙafa da hannu, ga faratan, ga gajartar da ba ta yi kama da tsayin iyayenta ba, ga kunne da ke yawan ciwo. A wajen wannan yarinyar an lissafa biyar. Kai naka guda ɗaya ne, kuma kai namiji ne.

Hajiya Inna: Ni tsohuwar ungozoma ce, jikata ke rubuta mini. Na karɓi haihuwa shekara da shekaru, kuma na ga jarirai mata masu irin wannan kumburin, ba su da yawa amma na gani. Mu a da sai mu ce uwar ta cika shan ruwan sanyi ko cin gishiri, a dafa mata sassaƙe, a gasa ƙafar jaririyar da tsumma mai ɗumi. In kumburin ya sace mu ce magani ya ci. Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Akwai wata da na karɓa, na ga girmanta, har ƙannenta suka yi aure ita ko ƙirgar dangi ba ta fara ba. An kai ta wajen masu ruƙiyya, an yi ta sha da wanka. Yanzu da Dakta ke magana ita nake gani a idona.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika faɗi wannan. Ku ne kuke fara ganin jariri kafin kowa. Da kowace ungozoma za ta riƙe abu ɗaya, wato jaririya mace mai kumburin bayan ƙafa ranar haihuwa a kai ta likitan yara ya gani kafin suna, da an rage wahala mai yawa.

Ummu Sadiq: Tsaya, ni ɗana yana da sikila, kuma farkon abin da muka gani kumburin hannu da ƙafa ne. Ba shi ba ne kuwa?

Anti Nas: A'a 'yar uwa, sun bambanta sosai. Na sikila ba a zuwa duniya da shi, yakan fara ne daga wajen wata shida zuwa sama. Yana zuwa da zafi, yaro ya yi ta tsala kuka, ba ya yarda a taɓa, sau da yawa da zazzaɓi, kuma cikin kwanaki ko mako biyu ya wuce sannan ya iya dawowa. Wannan da ake magana tun ranar haihuwa yake, babu zafi babu zazzaɓi, kuma watanni yake ɗauka kafin ya sace. Haka kumburin tamowa, shi ma daga baya yake zuwa, galibi bayan yaye, da canjin gashi da fata.

Ɗiyar Maraɗi: Sannunku. Mu nan akaifa muke cewa. Ƙanwata akaifunta sun lotsa tsakiya kamar cokali, lokotoro ya ce ƙarancin jini ne, ya ba ta magani suka gyaru. Ke nan akaifa na faɗin abubuwa da dama.

Likitar Yara: Ƙwarai kuwa. Wanda ya lotsa kamar cokali a babba ko yaro mai wayo, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini muke fara nema, kuma yana gyaruwa in an yi magani, kamar na ƙanwarki. Wanda kan yatsan ya yi ƙulu kamar makaɗin ganga, farcen ya lulluɓe shi, wannan zuciya ko huhu muke dubawa. Akwai magungunan farfaɗiya da in mai ciki ta sha jaririn kan zo da ƙananan farata, shi ya sa muke tambayar abin da uwa ta sha, amma kada wata ta daina maganinta ba tare da ganin likita ba. Akwai ma wani ciwon, Noonan, da yake kama da Turner a wuya da gajarta, yana samun maza da mata, shi kuma in an ƙirga kromosom cif 46 ake samu. Kun ga dalilin da ya sa ido ba ya isa.

Abu Khadija: Ni abin da ban gane ba, in an yi gwajin an tabbatar, sai me? Za a mayar mata da X ɗin da ya ɓace ne? In babu magani, me ya sa za a ɗora wa iyaye kashe kuɗi da baƙin ciki? Wani lokacin rashin sani ya fi kwanciyar hankali.

Likitar Yara: Ba a mayar da shi, gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce zai mayar da shi da wani sassaƙe ko kwalba yaudara ce. Amma a nan ne ba zan yarda da kai ba ko kaɗan, Malam.

Abu na farko zuciya. Wajen ɗaya cikin uku na yaran nan, a wasu binciken ma fiye, suna zuwa da matsala a zuciya ko a babbar jijiyar da ke fitar da jini daga cikinta. Wata jijiyar ce ta tsuke a wani wuri, wata ƙofar jijiyar ce ta zo da marfi biyu maimakon uku. Yarinya na iya yawo da wannan tana wasanta, babu wanda ya sani, hawan jini na cin ta a ɓoye. Hoton zuciya da auna bugun jini a hannu da ƙafa suna gano shi, kuma tsukewar ana gyara ta da tiyata. Wannan kaɗai ya isa dalilin gwaji.

Sai ƙoda, ana yin sikanin a ga yadda take, don wasu ƙodojinsu biyu a haɗe suke ta ƙasa, abin da kan jawo yawan ciwon fitsari. Sai kunne, wanda shi ya kai ku asibiti, in ba a bi shi ba ji yana raguwa a hankali. Sai ƙullin maƙoshi da suga, da ake dubawa lokaci zuwa lokaci.

Sai tsayi. In ba a yi komai ba, takan tsaya kamar santimita 20 ƙasa da inda ya kamata ta kai. Akwai allurar sinadarin girma da ake yi kullum, tana ƙara tsayi in an fara da wuri, tun wajen shekara huɗu zuwa shida. Ba zan ɓoye ba, tana da tsada ƙwarai, gidaje da yawa ba za su iya ba. Amma maganin balaga da sauƙi: mafi yawansu ƙwayayen mahaifarsu suna ƙarewa da wuri, don haka balaga ba ta zuwa da kanta. Wajen shekara 11 zuwa 12 ake fara ba su sinadarin estirojin, wato sinadarin balagar mata, kaɗan-kaɗan, ƙirji ya fito, mahaifa ta girma, daga baya a ƙara wani sinadarin, al'ada ta zo, ƙashi ya yi ƙwari. Yarinyar da Hajiya Inna ta ba da labari wannan ne abin da ta rasa.

Maman Hanifa: Dakta na gode, jikina ya yi sanyi amma na fahimta. Akwai abu ɗaya. Surukar ƙanwata ta fara cewa daga danginmu ne, wai mu ne gajeru. Ƙanwar tawa kuka take.

Likitar Yara: Ki gaya mata ba daga danginku ba ne, ba kuma daga nasu ba. Ba gado ake yi ba kamar sikila. Kuskure ne da ke faruwa wajen rabuwar ƙwayoyin halitta lokacin shigar ciki ko jim kaɗan bayansa. Ba abin da ta ci, ba abin da ta sha, ba auren zumunci, ba yawan shekarun uwa. Kuma samun wannan a yarinya ɗaya ba ya nufin ƙannenta za su zo da shi. Ki ƙara gaya mata wannan: mafi yawan cikin da ya zo da X ɗaya ɓarewa yake tun a watannin farko. Wadda ta kai ga haihuwa har ta shekara shida tana haddar karatu, Allah ya riga ya tsallakar da ita babban siraɗi.

Malamin Kimiyya: Ƙarin bayani ga ɗalibai da ke nan. Sunan ya samo asali daga Henry Turner, wani likita a Oklahoma ta Amurka, wanda a 1938 ya bayyana mata bakwai masu gajarta da faffaɗan wuya da rashin balaga. Kafin shi a 1930 Otto Ullrich a Jamus ya bayyana wata yarinya mai irin alamun. Dukansu da ido da tef ɗin awo suka yi aiki, ba su san dalili ba. Sai a 1959 Charles Ford da abokan aikinsa a Ingila suka ƙirga kromosom suka ga 45.

Mai Ɗinki: Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi magana. Ni ina da shi. Shekarata 27. Ba a gano ba sai da na kai 17, bayan an gaji da jiran al'ada. Kafin nan babu sunan da ban sha ba a makaranta, wada, 'yar tsana, kuma an kai ni wurare da dama ana cewa aljani ne ya aure ni. Ranar da likita ya kama hannuna ya ce dunƙule, ya nuna wa mahaifiyata yadda ƙashin yatsana na huɗu ya nutse bai kai sauran ba, ya nuna mata faratana, sai ta fashe da kuka ta ce ai tun ina jaririya take ganinsu, ita ce ma take yanke mini. Shekara 17 amsar tana hannuna.

Abu Khadija, ka ce rashin sani ya fi kwanciyar hankali. Wallahi ban taɓa samun kwanciyar hankali ba sai ranar da abin ya samu suna. Na fara shan magani, jikina ya zama na mace, na gama sakandare, lissafi ne kawai ya ba ni wuya, yanzu ina da shago da yara uku masu koyo. Tsayi kam lokacinsa ya wuce kafin a gano. Duk bayan wani lokaci ina zuwa a duba zuciyata. Maman Hanifa, ki ce wa ƙanwarki shekara shida ba latti ba ne, ni da na samu haka da na gode.

Hajiya Inna: Allah sarki 'yata. Allah ya yi miki albarka.

Abu Khadija: Ki yafe ni 'yar uwa. Na yi magana a kan abin da ban ɗanɗana ba.

Ummu Sadiq: Mai Ɗinki, in ba za ki damu ba, maganar aure da haihuwa fa? Don na san shi ne abin da ke cin uwar ko ba ta faɗa ba.

Mai Ɗinki: Ba na damuwa. Na yi aure shekara uku ke nan. Na gaya masa komai kafin a kawo kuɗin gaisuwa, wasu a gidanmu suka ce na yi wauta, in yi shiru in an shiga daga baya a ce Allah ne bai kawo ba. Ban yarda ba. Na farko da na gaya wa bai dawo ba, na yi kuka na share. Wannan ya ce ya ji ya gani. Ɗiyar yayansa tana hannuna tun tana shekara biyu.

Baban Walid: A nan kam ina ganin ba dole ba ne a faɗa. Mata nawa ne lafiyarsu lau ba su haihu ba? Sirrin yarinya ne, in ya fita unguwa ta ɗauka.

Anti Nas: Gaya wa wanda zai aura daban, shelanta wa unguwa daban. Kuma akwai dalilin lafiya. 'Yan kaɗan daga cikinsu suna samun ciki da kansu, musamman masu gaurayen ƙwayoyi, kuma ciki yana ɗora wa babbar jijiyar nan nauyi har ta iya tsagewa. Mijin da bai san komai ba yaya zai san ba irin cikin da ake zama a gida ba ne? Inda na yarda da kai shi ne yanzu, tana shekara shida, ba kowa ya kamata ya ji ba. Maman Hanifa, don Allah kada ki sa hoton hannunta a nan ko da wani ya roƙa.

Baban Walid: To, wannan na ji. Amma har yanzu ina ganin shawarar faɗa ko rashin faɗa tata ce in ta girma, ba ta dangi ba.

Mai Ɗinki: Tata ce. Shi ya sa ita ma kada a ɓoye mata. A riƙa gaya mata daidai hankalinta tun yanzu, kada ta tsinta a bakin wata ranar faɗa.

Maman Hanifa: Na tura wa mijin duk abin da kuka rubuta. Ya kira ni da daddare, ya ce maganar zuciyar ce ta tsaya masa. Ya yarda. Likitar ta rubuta musu takarda zuwa asibitin koyarwa, sashen yara, ranar Talata za a yi hoton zuciya da sikanin ƙoda, a ɗebi jinin kuma, an ce sakamakonsa yakan ɗauki makonni. Dakta, tambaya ta ƙarshe. An yi mata jan lalle a bikin da muka yi, faratan duk sun rine. A nemi abin gogewa ne kafin Talata?

Likitar Yara: Kada ku kankare mata komai, lallen farce ba ya fita sai farcen ya tsiro an yanke. Siffar muke kallo, kuma lalle ba ya ɓoye ta. Ku tafi da katin rigakafinta mai awon nauyi in yana nan, da duk wani hoton da aka ɗauke ta ranar suna inda ƙafafun suka fito. Uban ma ya je, za a so a auna tsayinsa da na uwar.

Maman Hanifa: Katin yana nan. Hoton suna kuma yana wayar kakarta, gobe zan je in karɓo.